Idon Hansatu Mai Banda a Gaban Kwamiti

"Ke, dubi can bakin taga. Ba Hansatu mai banda ba ta?"

"Ita ta. Har da zanen Salla."

"To ita mi yak kawo ta layin nakasassu? Ƙahwa biyu, hannu biyu, murya kamar ta lasifikar masallaci."

"An ce ido."

"Ido? Shekaranjiya akuyata tar raɓi murhunta, ko kai ba ta ɗaga ba tak kira sunana, wai in zo in kama abina."

"Wancan mai sandar hwa?"

"Sandar kakanai ta, aro yay yi. Duba mishi, da sahe ƙahwar dama yaka ja, yanzu ta koma hagu."

"Yi shiru, ga Ciyaman nan."

Hansatu ta ji su sarai. Da ma kunne ne bai taɓa yi mata rowa ba. Tana zaune a kan benci a barandar makarantar firamare ta tungarsu, can ƙasa da Yelwa a bakin tafkin Kainji, ta haɗa gwiwoyi, tana jiran a kira ta. A cikin lalitarta akwai wata takarda mai ninki huɗu wadda ta shekara biyu ba ta ga rana ba.

Iyayenta Gungawa ne. Ruwan dam ne ya tashe su daga tsibirinsu kafin a haife ta, aka sauke su a gaɓa a gidajen da ba su zaɓa ba. Uban ya ci gaba da su, uwar ta ci gaba da banda. Hansatu tana da shekara tara aka fara miƙa mata itace ta tura a wuta, tana da goma sha biyu aka bar mata juya kifi. Daga nan ba ta sake barin gindin murhu ba, sai ranar aurenta da ranakun haihuwa da kwanakin takaba. Mijinta jirginsa ne ya kife da shi a wata daminar, ya bar mata ɗiya ɗaya, Yasira, da murhu uku na rabin ganga.

Wanda bai taɓa tsayawa kan banda ba yana ɗauka gashi ne. Ba gashi ba ne. Wuta ba a so ta yi harshe, hayaƙin ake so, mai kauri, ya shiga naman tarwaɗa a hankali har ta yi ja ta bushe, ta iya kwana goma a cikin kwali ta kai kudu ba ta yi tsutsa ba. Mai banda kuwa a cikin hayaƙin take, ta sunkuya, ta juya, ta ɗaga raga ta mayar. Shekara arba'in da ɗoriya Hansatu ta yi tana haka. Idon hagu ya tafi shekara bakwai da suka wuce, a hankali, ba sallama. Na dama ya rage mata haske da inuwa, da ƙyallin tafkin idan rana ta fito, wanda da shi take gane gabas.

Babu wanda ya sani sai Yasira, da mijin Yasira, da maƙwabcinsu Malam Andrew. Sauran tunga ba su sani ba, don Hansatu ba ta ba su hanyar sani ba. Kifi a hannu take gane shi. Ta ƙwanƙwasa bayansa da farce, ƙarar ta faɗa mata ko ya yi ko da saura. Jiragen masunta da ƙarar injinsu take bambance su, tun suna tsakiyar ruwa za ta ce wane ne ya dawo. Mutane kuwa da tafiyarsu, da tarinsu, da warin man da suke shafawa. Daga ƙofar ɗakinta zuwa murhu taku talatin da ɗaya ne, daga murhu zuwa bakin ruwa sittin. Kasuwa kuma Yasira ce ke tafe a gabanta tana surutu ba tsayawa, mutane suna cewa yarinyar nan ta cika baki, ba su san murya take shimfiɗa wa uwarta ta bi ba.

Dalilin ɓoyon biyu ne. Na ɗaya, dillalan kifi. Ranar da aka ce makauniya ce ke banda, ranar za a fara ganin ƙuda a kifin da shekara arba'in ba a taɓa ganin ƙuda a kansa ba. Na biyu ya fi nauyi: a gidansu ba a faɗin ciwo. Uwarta da ƙafa a kumbure ta mutu tana cewa da sauƙi.

Shekara biyu baya likitocin ido suka zo Yelwa na mako guda, Malam Andrew ya matsa har aka kai ta. Shi tsohon ma'aikacin asibiti ne da ya yi ritaya ya koma noman shinkafa, amma bai yi ritaya daga shiga sabgar jikin mutane ba. Likitan ya haska, ya sake haskawa, ya ce na hagu sai haƙuri. Na dama zai iya yi mata shekaru idan ta bar hayaƙi. Ya rubuta takarda ya buga hatimi. Hansatu ta yi godiya, ta ninke takardar, washegari da asuba ta hura wuta. A bar hayaƙi a ci me?

Sai bana wani shiri na taimakon masu sana'ar kifi ya kawo murhu na zamani guda ashirin tungar. Na ƙarfe ne, da ƙofa, da bututu mai kai hayaƙin sama can inda ba idon kowa. Ka jera kifi, ka rufe, ka koma inuwa ka zauna. Aka ce biyar daga ciki na masu nakasa ne, ba za a taɓa su ba. Aka kafa kwamitin tantancewa na mutum uku. Ranar da labarin ya fita, tungar da ba a san ta da guragu fiye da biyu ba ta wayi gari da ashirin da shida.

Malam Andrew ya zo da wayarsa ya zauna nesa da murhu yana kore hayaƙi da hula.

"Hansatu, saurara in karanta miki. Doka ta, ta ƙasa baki ɗaya, tun dubu biyu da sha tara anka sa mata hannu. Ba ta ce sai mai sanda ba. Cewa tay yi lalura mai daɗewa, a jiki ko a ƙwaƙwalwa ko a gani da ji, wadda in ta haɗu da abubuwan da ka tare mutum, ta hana shi yin harka daidai da kowa. Ke kin ji? Gani na ciki. Kuma shaidar likita aka nema, ke kuwa kina da ita."

"Ni ina harkata daidai da kowa, Malam."

"Daidai da kowa? Taku nawa na daga nan zuwa bakin ruwa?"

"Sittin."

"To je ki tambayi Salma, abokiyar sana'arki, ko ta taɓa ƙirgawa."

Hansatu ta juya tarwaɗa. Amma ranar tantancewa ta ɗaura zanen Salla.

Ciyaman kwamitin wani Alhaji ne mai sayar da siminti a Yelwa, wanda iliminsa a kan nakasa bai wuce abin da yake hangowa ta gilashin motarsa ranar Juma'a ba. Bai karanta dokar ba, kuma bai ga dalili ba, don yana da tasa. Ya tsaya a baranda ya bayyana ta da ƙarfi.

"Jama'a, ba mu son wahala. Nakasasshe shi na wanda in ka gan shi, kafin ka yi tunani bakinka ya ce wayyo. In ban ce wayyo ba, to ka koma gida."

Aka yi dariya, har da tafi. Mai sandar aro ya fi kowa tafi, da hannu biyu, sandar tana jingine da bango ita kaɗai.

Aka fara shiga ɗaya bayan ɗaya. Tagar ajin ba ta da murfi, don haka na waje suna jin komai. Bala gurgu ya shiga da rarrafe, Ciyaman ya ce wayyo, aka rubuta. Wannan daidai ne. Wata mata da injin niƙa ya cinye wa hannu ta shiga, ya ce wayyo, aka rubuta. Shi ma daidai. Sai ɗan ƙanwar Ciyaman, wanda ya faɗi da babur makon jiya, an naɗe masa gwiwa da bandeji fari tas har cinya. Wannan wayyo biyu ya samu. Ciwon da zai warke kafin a gama girbin shinkafa ya shiga takarda a matsayin lalura mai daɗewa. Mai sandar aro ya shiga yana nishi kamar mai naƙuda, ya ajiye wani ƙunshi a kan tebur, ya fito da murhu na huɗu.

"Hansatu mai banda!"

Ta san muryar da ta kira sunan. Ba wanda ya gaya mata wane ne sakataren kwamitin. Lawali ne, malamin makarantar, mijin Yasira. Surukinta.

Shekara shida da auren, Hansatu ba ta taɓa kiran sunansa ba, uban Khadija take cewa, da sunan jikarta, shi ma a bayan idonsa. Ba ta taɓa cin abinci yana wurin ba. In ya zo gaisuwa, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ita tana ciki ta juya fuska ga bango, su yi lafiya lau, lafiya lau, ya tashi. Yanzu ga shi a kan kujera da biro, ita a tsaye, ana jira ta buɗe baki ta lissafa abin da ya lalace a jikinta.

Ta shiga ba ta yi tuntuɓe ba. Ta riga ta ji inda kowa ya taka.

"Hajiya, sannu. Yaya jiki?" in ji Ciyaman.

"Lahiya lau, Alhaji. Alhamdu lillahi."

"To madalla. An ce ido?"

"Mun gode Allah."

"Kina gani ko ba ki gani?"

Lawali ya yi tari ƙasa ƙasa.

"Ana lallaɓawa, Alhaji."

"Yatsa nawa na ɗaga?"

Mutum shida masu da'awar ido sun shiga kafin ita, ta ji ta taga, kowanne Ciyaman ya kore shi da cewa uku na, maƙaryaci. Mutumin ko sauya yatsu bai iya ba. Abin da ya kamata ta ce shi ne ban gani ba, kuma shi ne gaskiya. Amma surukinta yana zaune.

"Uku."

"Ato." Ciyaman ya jawo ƙunshin da mai sandar aro ya bari, ya kwance. "Wannan hwa, mi na na?"

Nan kam ba kunya ce ta kayar da ita ba, sana'a ce. Warin ya riga ya iso hancinta tun tana ƙofa, yana ta ba ta haushi.

"Tarwaɗa ta. Bandar Salma, ta kwana biyu. Da ɗanyen icce anka yi ta, kuma an yi gaggawar saukewa, cikin bai yi ba. In ba a ci ta yau ba, Alhaji, gobe kar a ba yara."

Ajin ya fashe da dariya, na waje suka ɗauka. Ciyaman har da buga tebur.

"Kun ji makauniya! Daga taku biyar ta hango cikin kihi! Hajiya, ki ji tsoron Allah, ki bar wa mabuƙata. Sakatare, rubuta: lahiyarta lau. Da bakinta tah hwaɗi."

Lawali ya san wadda matarsa ke yi wa surutu a hanyar kasuwa. Ya san ranar da surukarsa ta zuba wa Khadija kalanzir a kofi tana tsammanin ruwa ne, warin ya cece su. Amma wane irin suruki ne zai miƙe a gaban jama'a ya ce uwar matata makauniya ce, alhali ita da kanta ta ce lafiya lau? Kuma ko ya faɗa, kafin la'asar tunga ta gama yanke hukunci cewa sakatare ya saka tasa. Ya sunkuyar da kai ya rubuta. Rubutunsa mai kyau ne, kowa na yabawa.

Takardar likita ba ta fito daga lalita ba. Babu wanda ya tambaye ta. Kwamitin da aka kafa don duba shaida bai nemi shaidar kowa ba ranar, sai bandeji da nishi.

Murhu na biyar bai samu mai shi ba, don wayyon Ciyaman ya ƙare kafin azahar, yunwa ta kama shi. Aka ce ranar Alhamis za a sake zama a cike gurbin a aika da sunaye.

Malam Andrew bai jira ta huta ba.

"Lahiya lau! Sai ka ce gaisuwar suna kinka je! An tambaye ki jiki don a rubuta, ke kin amsa don a ce kina da tarbiyya."

"Uban Khadija na wurin, Malam."

"To shi ya ci miki idon? Ni na yi shekara talatin a asibiti, na san irinku. A kawo mutum a kan kafaɗa, likita ya ce yaya, ya ce da sauƙi. Sauƙin nan ya cika maƙabarta. Su kuma waɗancan shashashan, an ba su doka a rubuce sun ajiye, suna auna mutane da tausayin mai siminti."

"Ka gama?"

"Ban gama ba. Dokar nan don irinki anka yi ta, wanda lalura tai ba ta ihu. Amma ba ta da ƙahwa, Hansatu, ba ta biyo ki gindin murhu."

Ta ce ya gaida gida.

Talata ta yi banda. Laraba ta yi banda, kifi ƙarfasa cike da raga uku, iska kuma ta juyo daga ruwa tana mayar mata da hayaƙin a fuska tun safe har yamma. A can gefe ana ta sauke sababbin murhu daga mota, tana jin ƙarar ƙarfe. Ɗan ƙanwar Ciyaman ne ke ba da umarni, yana tsalle daga bayan motar zuwa ƙasa, bandejin dai yana nan fari tas. Bai taɓa fede kifi ba a rayuwarsa. An ce har ya samu wanda zai ba hayar nasa.

Ranar Alhamis ta fito bayan sallar asuba, ta yi takunta talatin da ɗaya, ta tsaya ta juya inda tafkin yake, tana jiran ƙyallin nan. Ta ji zakaru sun yi shiru. Ta ji jirgin Ɗan Asabe ya tashi, na Mamman ya bi shi. Ta ji zafin rana a kumatunta, a goshinta. Ƙyallin ya zo, amma ba kamar kullum ba. Da faɗinsa yake zuwa, kamar an shimfiɗa faranti. Yau ɗan ɗigo ne, kamar bakin allura, kewaye da toka.

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta koma ɗaki, ba ta hura wuta ba. Ta ɗaura zanen Salla.

Yasira tana shara a tsakar gidan mijinta ta ga uwarta a bakin ƙofa, ita kaɗai, ƙafarta duk laka don ta faɗa kwata a hanya. Tsintsiyar ta faɗi.

"Inna! Lahiya? Wa yak kawo ki?"

"Bango. Mai gidan na ciki?"

"Yana shirin tahiya makaranta, yau na zaman kwamiti. Inna, shigo ɗakina, in akwai saƙo ni in kai mishi."

"Saƙon ya gaji da bi ta hannunki. Kira shi."

Lawali ya fito da jakarsa, ya gan ta, ya zube ƙasa ya kau da kai.

"Inna, ina kwana."

"Ban kwana lahiya ba."

Ko Khadija da ke kuka ta tsaya. A tarihin gidan su Hansatu babu wanda ya taɓa amsa gaisuwa haka.

Ta kwance lalita, ta zaro takardar. Ninkin ya yi baƙi, tana warin hayaƙi kamar komai nata. Ta miƙa ta wajen da muryarsa ta fito, ta ɗan kauce, sai da ya matso ya karɓa da hannu biyu.

"Karanta ka gani ko hatimin bai goge ba."

"Yana nan, Inna."

"To. Malam Andrew ya ce wagga ita doka ka so. Amma Alhajinku bai karatu, kallo yakai. Shekara bakwai ina wahalar ɓoye abin ga don kar a ce wayyo, ashe wayyon ita ta takardar."

"Inna, dillalai za su ji," in ji Yasira.

"Su ji. Mai son kihi mai kyau ya san hanya. In sun ga ƙuda, su gaishe shi."

Ta gyara mayafi, ta juyo da fuskarta sosai wajen surukinta, abin da ba ta taɓa yi ba. Sannan ta miƙa hannun dama, tafin a buɗe, fatar duk tabon wuta.

"Lawali," ta ce, sunan ya fito mata da ƙyar kamar ƙaya. "Tashi ka kama hannuna. Ba ta bayan gari ba, ta tsakiyar kasuwa za ka ja ni, sannu sannu, kowa shi ƙoshi da kallo. In mun isa, ka goge lahiya lau ɗin nan da kar rubuta, ka karanta musu takardar likita da ƙarhi, har na bakin taga su ji."